Tayoyin Baya na Likita Pauly

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar Asabar aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa mota ta daki shinge a filin tseren motoci na Dornscheid, kuma direban bai kai asibiti da rai ba.

Sufeto Winfried Hilgers bai yi gaggawa ba. Duk shekara filin nan yakan ci mutum ɗaya ko biyu, galibi masu furfura da suka sayi motar da ta fi ƙarfin hannunsu. A je, a auna, a rubuta haɗari, a sa hannu. Sai da Sajan Anneke Thiel ta karanto lambar motar suna kan hanya sannan ya juyo ya dube ta.

"Sake faɗa."

Ta sake faɗa.

"Motar Lothar ce," in ji shi.

"Ka san shi ne, yallaɓai?"

"Shi ke raba mana karta ranar Alhamis."

Shekara ashirin da biyu su uku ne a teburi ɗaya: Lothar Pauly likitan dabbobi, Egon Zirbes mai garejin taya, sai shi. Tun da matar Hilgers ta rasu shekara huɗu da suka wuce, waɗannan biyun ne kaɗai ba su taɓa ce masa lokaci zai warkar da shi ba. Shi ya sa bai daina zuwa ba.

A kwanar coci abin ya faru, inda hanya ke gangarowa daga daji ta karya dama. Motar ja ce mai kujera biyu, tana kwance cikin tsakuwa, gabanta ya koma cikinta. An riga an ɗauke gawar. Wani ya ɗora hular kwanon direban a kan shinge kamar an kifa tasa.

Mai ɗaga wa direbobi tutar gargaɗi a wannan kwana tsoho ne da ake kira Jupp. Ya yi shekara talatin yana tsayuwa a wurin, cikin ruwa da rana, don sha'awa kawai.

"Me ka gani?" Hilgers ya tambaye shi.

"Bayanta ne ya tafi, Sufeto. Bai ma gama karya kan ba, wutsiya ta riga shi."

"Gudu ya yi yawa?"

"Ga irinka, e. Ga Likita, a'a. Ya bi nan sau dubu."

"Mai ya zube a kwalta? Ko ruwa?"

"Busasshiya ƙamas. Sanyi dai akwai, amma mota arba'in ta wuce kafin shi."

Hilgers ya zagaya motar. Iyakar saninsa da mota shi ne inda ake zuba mai, amma yana da ido. Tayoyin gaba sun kwashi tsakuwa, ta manne musu kamar riɗi a kan burodi. Na baya kuwa tas suke, har suna ƙyalli.

"Me ya sa waɗannan suka kwashi tsakuwa, waɗancan ba su kwasa ba?"

Jupp ya tsuguna da ƙyar, ya danna farce a ta gaba. "Irin wannan taya in ta ɗau zafi danƙo take zama. Ka ga, har yanzu farce na shiga." Ya matsa baya ya danna, ya sake dannawa, sannan ya ƙwanƙwasa. "Wannan kuwa tafin takalmi ce."

"Ma'ana?"

"Ni mai tuta ne. Tambayi Egon, shi ya ɗaura su."

Hilgers ya ce wa Thiel a cire duka huɗun a kai wa masu gwajinsu.

Ya sami Egon a rumfar da direbobi ke hutawa, zaune kan benci, ya rungume Mareike, 'yar Lothar ɗaya tilo. Shekarunta talatin da ɗaya, malamar makaranta ce. Egon ne ya riƙe ta a coci ranar da aka yi mata baftisma. Ba kuka take yi ba, ta ƙura wa ƙasa ido ne kawai.

"Baffa Winfried," ta ce da ta gan shi, "kada ka wahalar da kanka. Ni na kashe shi."

"Haba, 'yata," in ji Egon. "Na ce ki daina faɗar haka."

"Bar ta ta faɗa," Hilgers ya ce. Ya ja kujera. "Da me kika kashe shi?"

"Da tayoyi. Kyautar cikarsa shekara sittin ce. Wata uku ina karatu a kansu kamar mai shirin jarrabawa. Akwai mai zane da yawa ta hawa titi, wadda ke jure ruwa amma ta saki jiki bayan zagaye biyar. Akwai sumul marar zane, wadda doka ta hana a hau titi da ita. Na zaɓi ta tsakiya, mai ɗan zane, mai taushi. Ban tambayi kowa ba, don kada a ba shi labari." Ta ɗago kai ta dube shi. "Ashe ta rani ce. Ba ta son sanyin Oktoba."

"Wa ya gaya miki haka?"

"Kawu Egon."

"Na so in faɗa mata tun ranar da ta kawo su," in ji Egon. "Sai na ga tana murna, na kasa. Ba laifinki ba ne, 'yata. Ba sana'arki ba ce. Kowa na kuskure."

Hilgers ya karanta littattafai da yawa tun da gida ya zama shiru, kuma ya sha jin ta'aziyya iri-iri. Bai taɓa jin wadda ta ɗora wa mutum gawa a wuya da taushin murya irin wannan ba. Amma ya ce a ransa Egon bai iya magana ba ne, tun can haka yake.

Mareike ta miƙo masa wayarta. Hoton ranar Alhamis ne a garejin Egon: tayoyi huɗu a jere, kowace da farar takardarta ta kamfani a manne, an ɗaure su da jan ƙyalle. Lothar na zaune a kan ɗaya yana dariya kamar ɗan yaye.

"Huɗu ta kawo, huɗu na ɗaura, a gabanta," in ji Egon. "Ƙarfe huɗu na yamma motar ta bar gareji. Ban sake taɓa ta ba sai yau da na duba mata iska."

"Jupp ya ce na baya sun yi tauri."

"Jupp! Jupp bai san taya daga burodi ba. Sanyi ne, Farfesa. Bayan motar nan ba ya ɗaukar zafi da wuri."

Farfesa suke ce masa a teburin karta, saboda littattafan. Hilgers ya gyaɗa kai ya tashi.

Ranar Litinin da hantsi Thiel ta kira shi garejin 'yan sanda. An jera tayoyin huɗu a kan teburin ƙarfe, an juyo cikinsu waje.

"Kowace taya tana da takardar haihuwa a jikinta, yallaɓai," ta ce. "Lamba huɗu. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Duba na gaba."

"Mako na talatin da ɗaya, bana."

"Yanzu na baya."

Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"Shekara bakwai," in ji shi.

"Iri ɗaya, girma ɗaya, zanen bai ci ba. An goge su da mai sa baƙi har suna sheƙi, lambar kuma ta ciki take, inda ba mai gani sai ya kwanta a ƙasa. Na buga wa masu sayar da tayoyin waya. Huɗun da suka aiko wa Mareike duk rukuni ɗaya ne, na bana."

"Tsufa kaɗai ke sa ta zama haka?"

"Tsufa da dahuwa." Ta haska tocila a bangon ciki. A ƙarƙashin baƙin akwai dishi-dishin layuka na ruwan ɗorawa, an kankare su amma ba su fita duka ba. "Mutanen filin nan duk lokacin da taya ta fita ta yi zafi ta dawo ta huce, sai su ja mata layi ɗaya da alli. Kowace dahuwa tana ƙara mata tauri. In ta wuce goma sha biyar, sai a yi shingen lambu da ita. Na ƙirga ashirin da shida a wannan."

"Sababbi a gaba, matattu a baya."

"Mai gwajin ya ce babu haɗin da ya fi wannan muni. Gaba ya kama ƙasa, baya ya tafi yawonsa."

Hilgers ya cire tabarau ya ninke shi a hankali.

"Anneke, daga yau sunanki ne a kan fayil ɗin nan. Ni ɗan rakiya ne."

"Me ya sa, yallaɓai?"

"Saboda na fara neman dalilin da zai nuna kin yi kuskure. Sufeton da ke neman haka bai kamata ya riƙe biro ba."

Da azahar suka koma filin. Babu mota ko ɗaya, sai hankaki. Jupp na cikin bukkar ƙungiyar direbobi yana ɗumama miyar wake.

"Ranar Asabar da safe, wa ya taɓa motar Likita?" Thiel ta tambaya.

"Egon. Likita ba ya barin kowa ya taɓa masa ƙafar mota. Shekara ashirin ban taɓa ganin ya sunkuya ya dubi tayarsa ba. Yakan ce, ni na san cikin saniya, Egon ya san roba."

"Ya yi ƙorafi kafin haɗarin?"

Jupp ya daina juya miyar.

"Na zo shan kofi bayan fita ta farko," ya ce. "Likita ya shigo ya cire hula, ya ce, Egon, bayan motar nan rawa yake kamar akuya a kan ƙanƙara, bari in leƙa. Har ya fara sunkuyawa."

"Sai?"

"Sai Egon ya dafa shi ya ce, tashi ka ji, tsoho, sababbi ne, ba su ɗau zafi ba. Kana lallaɓa su kamar amarya. Matsa musu. Muka yi dariya." Ya ajiye cokalin. "Ni ma na yi dariya."

Hilgers ya ɗaga kai. Idonsa na kan wani allon katako a bangon ƙurya, bayan firji, inda baƙo ba zai gani ba. An jera sunaye da lambobi da farin fenti.

"Na ɗauka an hana auna lokacin gudu a ranakun da ake buɗe wa 'yan sha'awa fili," in ji shi.

"An hana mana. Inshora ba ta so. Shi ya sa allon yake bayan firji, kuma kowa ke da ɗan agogonsa manne a gilashi."

A saman allon an rubuta E. Zirbes, minti biyu da daƙiƙa goma sha ɗaya da ɗigo huɗu. Fentin ya tsufa har ya fara ɓarewa. A ƙasansa L. Pauly, an goge lambar an sake rubutawa sau da yawa.

"Shekara goma sha ɗaya sunan Egon na nan," in ji Jupp. "Tun kafin ciwon zuciya ya hana shi tuƙin tsere. Watan jiya Likita ya matso, saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Da ya ga kyautar 'yarsa sai ya shigo nan yana cewa a tanadi fenti, ranar Asabar zai sauke tsohon nan."

"Me Egon ya ce?"

"Ya yi dariya ya saya wa kowa giya."

A mota Thiel ta ce, "Agogon da ke gilashin motar Likita yana wurinmu, bai fashe ba. Na kuma je asibitin dabbobin na duba littafin alƙawuransa. Juma'a ƙarfe biyu ya rubuta da hannunsa: mota wurin Egon, saitin ƙafafu."

"Egon ya ce Alhamis ta bar gareji."

"Haka ya ce."

"Daƙiƙa ɗaya," in ji Hilgers, yana kallon gonakin da suke wucewa. "Na karanta yaƙe-yaƙen da aka yi a kan gada, a kan gishiri, a kan ƙashin waliyyi. Kullum nakan ce mutanen da ne ba su da hankali."

Talata da safe suka isa garejin Zirbes da takardar izinin bincike a jakar Thiel. Lokacin sauya tayoyin hunturu ne, motoci sun yi layi har bakin titi. Egon ya fito yana goge hannu, idanunsa jajur.

"Farfesa! Ka kawo akwalar taka ce? Kullum sai ka bari ƙanƙara ta sauka."

"Ba ita na kawo ba. Sajan Thiel na da tambaya."

Suka shiga ofis. Thiel ta ajiye hotunan lambobin a kan teburi.

"Malam Zirbes, tayoyin bayan nan shekararsu bakwai."

Egon ya ɗauki hoton, ya kai shi kusa da ido. "Kai! 'Yan banzan nan masu sayarwa ta intanet. Tsohon kaya suka haɗa mata. Ni kuma ban duba ba, Allah ya sani, aiki ya yi yawa."

"Kai ne ba ka duba lamba ba?" in ji Hilgers. "Kai da ka hana ni tafiya jana'izar surukata sai da na sauya taya, don ta haura shekara shida da wata biyu?"

"Mutum na tsufa."

"Masu sayarwar ne suka ja musu layi ashirin da shida da alli?" Thiel ta tambaya.

"Kowa na jan layi a yankin nan, 'yan mata."

"Sajan," ta gyara masa. "Ka ce motar ta bar nan ranar Alhamis. Me ya dawo da ita Juma'a ƙarfe biyu?"

Egon ya ajiye hoton. "Saitin ƙafafu. Na manta ne. Minti ashirin, ban taɓa taya ba."

"To ina sababbin biyun?"

"Waɗanne? Na gaya muku abin da aka kawo shi na ɗaura."

Hilgers ya miƙe. "Mu sauka ƙasa, Egon."

"Me za ka gani a ƙasa? Kayan mutane ne."

"Na sani. Nawa ma suna can."

Ɗakin ajiyar na ƙarƙashin gareji ne, mai sanyi, ba taga, don haske na ɓata roba. Nan rabin ƙauyen ke barin tayoyin rani in hunturu ta zo. Kantoci ne har rufi, a share tas, kowace taya cikin baƙar leda, kowace leda da katinta. Egon na alfahari da ɗakin nan fiye da yadda wasu ke yi da 'ya'yansu.

"Da wani ne," Hilgers ya ce wa Thiel, "da tuni sababbin tayoyin sun kwana a rafi. Amma shekara talatin na san mutumin nan. Bai iya yar da taya mai rai ba. Kuma taya ba ta taɓa sauka daga mota a gidan nan ba tare da ya rubuta mata kati ba. Hannunsa ke yi, ba shi ba."

Bai ɗauke su minti goma ba. A kanta ta ƙasa, can ƙurya, leda biyu ce a tsaye. Thiel ta haska katin. Rubutun Egon ne, manyan baƙaƙe masu tsabta: Pauly. Baya, hagu. Sai kwanan watan Juma'a. Ɗayar kuma: Pauly. Baya, dama.

Ta yage ledar. Ragowar farar takardar kamfani na nan manne a cikin zanen. Lambar ta ce mako na talatin da ɗaya, bana.

Egon ya zauna a kan matakala.

"Ranar Litinin na yi niyyar mayar da su," ya ce. "Da ba wanda ya sani."

"Tsofaffin daga ina?" Thiel ta tambaya.

"Nasa ne. Ni na hana shi hawansu shekara biyar da ta wuce. Biyu kaɗai suka rage masu girman."

"Ka san abin da sababbi a gaba da matattu a baya ke yi."

"Na ɗauka zai ji tana rawa ya sassauta. Kowa zai sassauta! Daƙiƙa uku kawai nake so ya rasa, Winfried. Uku. Hunturu ta zo, a rufe fili, baɗi kuma ya ƙara tsufa."

"Ya ji tana rawa," in ji Hilgers. "Ya zo wurinka. Ya sunkuya zai duba."

Egon ya kau da kai.

"Me ka ce masa?"

"Da ya leƙa, da ya gani."

"Na ce me ka ce masa?"

"Na ce ya matsa musu." Muryarsa ta tashi. "Ba ka gane ba ne. Shi yana da asibiti, yana da 'ya, yana da lafiya. Kai kana da littattafanka. Ni likita ya ƙwace mini sitiyari, matata ta tafi, abin da ya rage mini a duniya layi ɗaya ne a bayan firji. Shi ma sai ya zo ya goge? Yana dariya?"

"Ina jin ka," in ji Hilgers. "Ba ni da ra'ayi. Sajan ce ke rubutu."

Suka hau sama, Thiel na gungura taya ɗaya, Hilgers ɗaya. A bakin ofis suka tarar da Mareike tsaye cikin baƙar riga, da takarda a hannu.

"Kawu Egon, jana'iza ranar Juma'a ce," ta ce. "Na zo in roƙe ka ka kama akwatin ta gaba, kusa da kansa. Na san ba na da bakin..."

Idonta ya sauka a kan tayar da ke gaban Hilgers. Wata uku ta yi tana kallon hoton wannan zane. Ta tsuguna ta karanta katin da ke lilo a jiki. Ta karanta na biyun.

"Waɗannan nawa ne," ta ce.

"Naki ne," in ji Hilgers. "Ba su taɓa shiga fili ba. An cire su ranar Juma'a aka sa masa tsofaffi. Na gaban, waɗanda kika zaɓa, sun riƙe ƙasa har ƙarshe. Mai gwajinmu ya ce da shi ne zai saya, su zai saya. Zaɓinki daidai ne, Mareike."

Ta daɗe a tsugune, tafin hannunta a kan robar. Da ta miƙe, Egon take kallo.

"Kwana uku ban ci abinci ba," ta ce. "Na rubuta wa makaranta takardar ajiye aiki, na ce ban cancanci a ba ni amanar 'ya'yan mutane ba. Jiya ka zo gidanmu da miya. Ka zauna a kujerarsa. Ka riƙe hannuna ka ce mini kowa na kuskure."

"'Yata..."

"Kada ka ƙara."

"Na so in faɗa miki."

"Yaushe? Bayan ka sauke akwatin?"

Ta ninke takardar hannunta biyu, ta sa a aljihu. Ta juya ga Hilgers. "Baffa, kai za ka kama ta gaba."

"Zan kama."

Ta fita ta bi ta tsakanin motocin da ke layi. Masu jiran taya suka matsa mata.

Thiel ta karanta wa Egon laifin da ake tuhumarsa da shi da haƙƙinsa. Ya miƙa hannu da kansa aka sa ankwa. Ya roƙi a kashe injin iska kafin a rufe gareji, aka kashe. A tsakar gida ya bi Thiel kansa a ƙasa, har ta buɗe masa ƙofar baya ta dafa kansa ya shiga.

Hilgers na shirin rufewa sai Egon ya sa ƙafa ya tare ƙofar.

"Winfried. Don tsohuwar zuma. Agogon da ke gilashinsa, kun same shi?"

"Mun same shi."

"Kafin kwanar coci..." Ya lashi leɓe. "Yana gaba da lokacina, ko yana baya?"

Hilgers ya dube shi. Ya nemi kunya a fuskar, ya nemi tsoro. Abin da ya gani kawai shi ne mutum yana jiran sakamako.

Da safen nan ya ga lambar da idonsa a ofis. Lothar na baya da daƙiƙa huɗu cur. Dabarar ta yi aiki, sunan da ke saman allo bai taɓa shiga haɗari ba. Shekara talatin da biyar Hilgers yana aikin ɗan sanda, bai taɓa yi wa wanda ya kama ƙarya ba.

"Yana gabanka," in ji shi. "A kan matattun tayoyin ma yana gabanka."

Ya ture ƙafar ciki, ya rufe ƙofar.